Goran Kaka da Kawu Ya Nutsar

Mai rai ya karɓi abinsa. Kawuna, wan mahaifiyata na biyu, tsohon malamin fiziks, ya rasu a asibiti a nan Birnin Kebbi bayan gajeriyar jinya, kuma kafin la'asar mun kai shi makwancinsa. Inda ya je can za mu je, babu mai gardama da wannan, ko da yake da yana raye na san sai ya sami abin da zai gyara a yadda na faɗe shi.

An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa da ke unguwar Nasarawa. Tsofaffin ɗalibansa suka yi ta zuwa cikin manyan riguna, kowa ya zauna sai ya ce, "Allahu akbar, Malam mai haƙuri." Ni sana'ata albasa da shinkafa, na san yadda ake jera manya a bakin buhu a tura ƙanana ƙasa. Kawu ba shi da haƙuri ko na kwabo. Rabin masu wannan yabo, da kunnena na ji su suna ce masa mahaukacin gora lokacin da muke makaranta. Na yi shiru ne kawai saboda zaman makoki ne.

Waɗanda suka yi kuka na gaske ba su da yawa. Akwai wasu mata daga ƙauyukan fadama, sun zo da ƙullin shinkafa a ka, ba wanda ya san su a gidan, suka shige wajen matarsa. Akwai kuma Malama, wadda ta gaje shi a aji. Kirista ce, iyayenta mutanen Filato ne da aiki ya kawo su unguwar Badariya, a hannun Kawu ta yi karatu. Ta zo da mijinta, ta zauna cikin mata tana share hawaye da bakin mayafi har idanunta suka kumbura.

Sai ga motar mutanen Argungu. Kawu Babba ne ya fara sauka, babban wansu duka, yana dogara sanda, mahaifiyata Inna na biye da shi. Shekaru masu yawa bai taka wannan ƙofa ba. Aka matsa masa ya zauna, ya ɗaga hannu aka shafa fatiha.

"Allah shi jiƙan shi," in ji shi. Bai ko sauke hannun sosai ba ya waiwayo gare ni. "To, ina goran Baba?"

Duk wanda yake cikin danginmu ya sunkuyar da kai. Baƙi kuwa ba su gane ba, don haka bari in faɗi abin daga tushe.

Kakanmu masunci ne a Argungu. Yana da wani babban gora irin na masunta, wanda mutum ke kifa cikinsa a kai ya bi ruwa da homa, ragar kamun kifi, a hannu, in ya kama kifi ya jefa ta bakin. A gidanmu an yarda cewa duk wanda ya hau wannan gora ba ya nutsewa. Akwai laya ɗinke a igiyar wuyansa, kuma an ce wani malami ya yi masa tofi tun Kaka yana saurayi. Da Kaka ya rasu aka zo rabon gado, wannan ya ɗauki jirgi, wancan gona, wancan komayen kamun kifi. Kawu, wanda boko ya ɗauke tun yana yaro, ya ce shi goran kawai yake so. Aka ji daɗi ƙwarai. Aka ce ashe dai jinin gida bai bar jikinsa ba.

Ya ɗaura goran a bayan babur ya kawo shi makarantar da yake koyarwa a Birnin Kebbi. A bayan ɗakin gwaje-gwaje akwai wani ramin siminti da magina suka bari. Ya sa aka cika shi da ruwa, ya tara aji, ya aza goran a kai. Ya tambaya ko akwai 'yan bakin gulbi, suka ɗaga hannu. Ya ce kun san goran wa ne wannan? Suka ce sun sani. Ya ce yana nutsewa? Suka ce haba Malam. Sai ya sa aka kawo yashi da kwano, ya fara zubawa ta bakin goran, kwano bayan kwano, goran na sauka, ruwa na malalowa ta bakin ramin, har ruwan ya kai wuyan, ya rufe layar, goran ya yi wani irin gunji ya tafi ƙasa.

Kafin sati ya zagayo labari ya kai Argungu cewa Kawu ya nutsar da goran ubansa a gaban 'ya'yan mutane. Kawu Babba ya zo har ƙofar makaranta. Ina aji a lokacin, ta taga muka ji su.

"Mi Baba yay yi maka da kaka tozarta shi bayan mutuwatai?"

"Yaya, ba laya ka riƙe ku bisa ruwa ba. Ruwan da goran ya ture shi ka tura ku sama."

"Kai za ka koya muna ruwa? Kai da ko iyo sai da na riƙe ka?"

"To ka shigo aji ka zauna, ka ga sauran."

Wannan kalma ce ta raba su. A ce wa babban wa, masunci ɗan masunci, ya shigo aji ya zauna cikin yara. Kawu Babba ya tofar da yawu ya juya.

Abin da ya fi ba ni haushi da Kawu shi ne, darasin yana da sauran da gaske. Bayan goran ya nutse, sai a jawo shi da igiya, a zazzage yashin, a mayar da shi kan ruwa babu komai ciki. Sai Kawu ya zaɓi ƙartin aji ya ce su danna shi ƙasa. Su taru su danna, jijiyoyin wuya su tashi, da sun saki sai goran ya yi tsalle ya watsa musu ruwa a fuska. A nan yake cewa, "Kun ga abin da ya riƙe ubana. Ya san iyakar abin da goransa ke ɗauka, shi ya sa ya mutu a kan gadonsa." Da ya je gida ya faɗi wannan cikin ladabi, da tuni an sha fura an manta. Ya ƙi. Ya ce mai son sani ya zo aji. Su kuma can, da an ambaci gora sai kowa ya tashi. Inna ta hana a ɗauko zancen a ɗakinta. Haka aka yi ta tafiya, suna ba juna hannu ranar salla ba tare da sun haɗa ido ba.

Ni ma ina da tawa da shi, kuma ba zan ɓoye ta don ya mutu ba.

Ranar da zai koya mana abin da littafi ke kira momentam, shi kuma yake ce masa nauyi sau gudu, ya kai mu gangaren bayan ɗakin cin abinci da baro. Ya ce wa ya fi kowa ƙarfi? Kafin wani ya yi magana ya nuna ni. "Ga ɗan ƙanwata, ya hi kowa baki, mu ga ko ƙarhin ya kai bakin." Na tsaya a ƙasan gangaren. Aka turo baron babu komai ciki, na tare shi da hannu ɗaya, har ina ɗaga wa abokaina gira. Aka mayar da shi sama aka ɗora buhunan yashi. Kawu ya ce a turo shi a hankali, kada ya fi na farko gudu. Na sa hannu biyu. Ban san lokacin da na tsinci kaina a cikin kwatar kicin ba, ruwan wanke-wanke har kunne, aji duka na dariya. Bai miƙo mini hannu ba. Ya juya ga sauran ya ce, "Gudun ɗaya na. Mi ya canza?"

Har yau ina cewa wannan zalunci ne. Yana iya sa bango ya tare baron. Ya zaɓi ɗan ƙanwarsa ne don kada a ce yana son kai. Ban kai ƙarshen wannan shekarar a makaranta ba, na bi motocin albasa. Ba shi kaɗai ya kore ni ba, kasuwa ma ta kira ni, amma yana cikin masu turawa.

Da Allah ya buɗa mini na fara loda manyan motoci nawa na kaina, na ɗauka na rabu da shi. Ina! Sai in gan shi a wajen lodi a Argungu, da tsohon babur ɗinsa da hularsa da ta koɗe, yana zagaya mota yana duban taya. Ba ya gaishe ni. Direba yake samu ya ce, "Kai, wagga mota da kayan ga, in akuya ta gitta maka a gangaren gada, daga ina za ka hwara taka birki?" Direba ya yi dariya, shi kuwa ya sa shi ya taka da ƙafa daga nan zuwa can, a gaban 'yan dako. Na sha cewa a kore shi, babu mai iyawa, tsoho ne kuma kawun maigida. Direbobina suka riƙa ce masa Nauyi-sau-gudu. Wasu daga cikinsu, in sun ga gangare, har yanzu sunan suke kira kafin su sauya giya.

Haka yake da kowa. In ya ga mai jirgi ya cika mutane har ruwa na lasar baki, sai ya tsaya a gaɓa yana ihu har kunya ta sa a sauke wasu. Wata damina ya bi kasuwa yana sayen tsofaffin jarkokin mai, ya wanke, ya toshe bakinsu, ya bi jiragen da ke ƙetarar da mata zuwa fadamar shinkafa yana ɗaure su a ƙarƙashin wurin zama. Masu jirage suka ce ya raina musu sana'a, wasu suka kwance suka kai gida ana ɗibar ruwa da su. Wata shekara da gulbi ya cika, jirgi ɗaya ya kife da mata. Na wanda bai kwance jarkokinsa ba ne. Matan da suka zo da ƙullin shinkafa ranar rasuwa, su ne suka rungumi jarkokin nan har aka kai musu ɗauki. Kawu bai taɓa ba da wannan labari ba. Da aka yi masa barka, abin da ya ce shi ne igiyar da mai jirgin ya sa ba ta da kyau.

Da ciwo ya kwantar da shi na je asibiti, don Inna ta ce in je. Na tarar da matarsa da Malama. Ya rame, amma idon nan na nan yadda yake.

"Kai, matso. Na ba ka goran. Kyauta ta, ba gado ba. Ku shaida."

Na ce, "Kawu, mi zan yi da gora?"

"Ba abin da za ka yi. Ka je yanzu ka ɗauke shi da hannunka, ka aje shi inda ka gan shi. Ya zama naka ke nan. In na mutu za su zo."

"Ga 'ya'yanka, mi ya sa ni?"

"Ɗiyana suna da kunya. Yaya na ɗaga murya za su miƙa mai. Kai ba ka da ita."

Na ce na gode da yabo. Na ce kuma, tunda gora gora ne, bari in saya wa makaranta sabo, babba, a mayar wa tsofaffi nasu kowa ya huta. Malama ta ce gaskiya a wajen lissafi kowane gora zai yi. Kawu ya harare ta kamar ta faɗi jarrabawa.

"In kin nutsar da goran kasuwa, yaro zai ce ai wanga ba a yi mai tohi ba. Ya koma gida da abin da ya zo da shi, damina ta yi ya shiga gulbi da laya a wuya. Wanda sunka yarda da shi za a nutsar."

Wannan na gane shi, don ni ma in zan nuna wa mai saye kaya, buhun da ya nuna da kansa nake farkewa. Na ce na karɓa. Da rana tsaka na bi Malama makaranta, ta buɗe ɗakin, ga goran rataye, ya yi baƙi don tsufa, gyartai ya ɗinke shi a wuri biyu, layar na nan. Na sauke shi, na riƙe, na mayar. Bayan kwana kaɗan Kawu ya cika.

To, wannan ita ce amsar da na ba Kawu Babba, amma ban ba shi a kan tabarmar makoki ba. Na bari sai bayan sadakar uku, da aka taru a zauren gidan, shi da Inna da 'ya'yan mamacin. 'Ya'yan, kamar yadda ubansu ya faɗa, tun kafin a buɗe baki suka ce duk abin da wan ubansu ya ce shi ke nan. Na ce ba nasu ba ne balle su bayar. Na kira shaidu, matar Kawu ta tabbatar daga bayan labule.

Kawu Babba ya dube ni tun daga hula har takalmi.

"Kai da ya jehwa cikin kwata? Kai ka tsaya mai yanzu?"

"Ni na, Kawu."

"Nawa ya ba ka?"

"Bai ba ni komi ba sai goran."

"To ka kawo shi gida. A wanke mai yashin, a rataye shi inda Baba ka rataye shi, jikoki su san gidan da sunka hito."

Na ce jikoki suna iya zuwa makaranta su gan shi, har da shi kansa in yana so. Ban yi niyyar maimaita maganar mamacin ba, da kanta ta fito. Ya miƙe, ya ce ashe cutar ba ta bi gawa kabari ba. Inna ce ta yi magana ta ƙarshe, kuma ba ta ɗaga murya ba.

"In ba ka kawo goran ubana gida ba, kada ka sake taka ɗakina."

Na yi kasuwanci da mutane iri-iri, an zage ni, an kai ni ƙara, ban taɓa jin magana ta tsaya mini a ƙirji kamar wannan ba. Amma ni dillali ne. Ba ni da takardar makaranta, ba ni da sarauta, abin da ya sa mutum a Legas ke tura mota ba tare da ya ga kaya ba shi ne in na ce na karɓa, na karɓa. Kawu ya san haka. Ya zaɓe ni kamar yadda ya zaɓe ni ranar baro, ya tsayar da ni a ƙasan gangare, ya ɗora kaya ya sake, shi kuma ya tafi abinsa. Wasu kawunansu gona suke bar musu.

Tun daga ranar, duk Juma'a in na je Argungu sai in tsaya a ƙofar ɗakin Inna in yi sallama, in ajiye abin da na kawo a bakin labule. Ina jin motsinta a ciki, ba ta amsawa. Matan gidan su yi kamar suna tsintar shinkafa.

Da zangon karatu ya kai kan darasin, Malama ta aiko mini cewa mai gora ya zo ya ga kayansa. Na je na tsaya a baya. Ramin simintin na nan, an yi masa faci. Ta tambayi 'yan bakin gulbi ko sun san goran, wasu suka ce kakanninsu na ba da labarinsa. Ta ce yana nutsewa? Wata yarinya ta ce, "A'a, Malama, wanga ba ya nutsewa." Aka kawo yashi. Malama ba ta da tsawa irin ta Kawu, a hankali take yi, tana sa su duba ruwan da ke malala. Da ruwa ya rufe layar, yarinyar nan ta dafe baki da hannu biyu. Aka jawo shi aka zazzage, aka mayar, manyan aji suka hau dannawa. Da suka saki, ruwan ya kai har kan rigata.

Juma'ar da ta biyo na je Argungu. Labari ya riga ni, kamar wancan karo. Na yi sallama a bakin labule, na ajiye ledar goro da sabulu, na juya zan tafi.

"An ce sun sake nutsar da shi."

Muryar Inna ce. Na tsaya.

"Sun nutsar, Inna."

Matan gidan sun daina tsintar shinkafar.

"Da sunka zubar da yashin, ya taso?"

Tun ina yaro ba a taɓa barin wani ya kai nan a zancen ba.

"Ya taso, Inna. Ƙarti sun taru sun danna, sun kasa. Tsalle yay yi."

Na ji ta ja numfashi, na ji ƙarar carbi a kan tabarma.

"Haka yaka yi wa Baba in ya sauka bisanai," in ji ta. "To. Allah shi jiƙan Yaya Malam, shi yahe mai taurin kai, shi haɗa shi da Baba su ƙarasa maganarsu can."

Ba ta ce in shigo ba. Daga waje na ce amin.